Wace kafar bayanai ce ta fi ba ku ciwon kai?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini binciken ingancin bayanai a wurin aiki. Manhajar binciken tana karɓar bayanai daga Excel, CSV (fayil ɗin rubutu da waƙafi ke raba gurabensa), rumbun bayanai da API (hanyar da manhaja ke karɓo bayanai daga wata manhajar). Kafin in tsunduma, wanne ya taɓa cizonku?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Excel, ko shakka babu. An taɓa turo mana jerin lambobin waya, manhaja ta ce kusan duk tsawonsu bai cika ba. Kwana biyu muna ɗora wa masu shigarwa laifi, ashe Excel ne ya ɗauke su adadi ya haɗiye sifilin farko. Lamba kuma in ta wuce alƙaluma 15, sauran sai ya mayar da su sifili, in an adana shi ke nan. Ba mu kaɗai ba ne. A Oktoban 2020 sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya ɓace daga lissafin Ingila, domin tsohon tsarin fayil ɗin Excel, wato XLS, ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536.

Yar Lissafi:
Malam, ai gara Excel, ana ganin ɓarnarsa. Ni CSV ne ya wahalar da ni. An adana fayil ba da UTF-8 ba (tsarin adana haruffa da ke ɗaukar haruffanmu masu ƙugiya), duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Mutum ɗaya ya zama biyu, manhaja ta kasa gane suna ɗaya ne. Ga adireshi mai waƙafi a ciki da ba a killace shi da alamar zance ba, ya tura sauran bayanai gurbin da ba nasu ba, sai ga sunan titi zaune a gurbin shekaru. Shi CSV ba ya faɗa maka komai game da kansa. 03/04 ɗin nan 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris irin na Amurka? Sai ka tambayi wanda ya fitar da shi, in yana nan.

Mai Rumbu:
Kada ka saki jiki da rumbun bayanai don ka ga yana da dokoki. Namu ya nuna babu gurbin ranar haihuwa ko ɗaya da yake fanko, muka yi ta murna. Da muka duba ƙimar da ta fi maimaituwa, 1900-01-01 ce. An tilasta cike gurbin, mutane suka cike da abin da ya sawwaƙa. Sannan rumbun Oracle yana ɗaukar rubutu marar komai a matsayin NULL (wato babu ƙima ko kaɗan), rumbun PostgreSQL kuwa yana bambanta su, don haka ƙidayar guraben fanko ba ta zuwa ɗaya bayan an yi ƙaura daga ɗayan zuwa ɗayan. Wani abu kuma, kada ka saki cikakken bincike a kan rumbun da ake aiki da shi da rana tsaka. Na yi sau ɗaya, ofis gaba ɗaya ya tsaya cik.

Yar Lissafi:
Kun manta da API. A JSON, tsarin da API ya saba turo bayanai da shi, gurbin da bai zo ba daban, wanda ya zo da null daban. Tamu manhajar ta duba layi 1,000 na farko ta yanke hukunci, gurbin da ya bayyana daga baya ko ganinsa ba ta yi ba.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, namu ma akwai 1900-01-01 ɗin. Malam Mai Rumbu, mayar da su fanko kuka yi, ko alama kuka sa musu kuka bar su?