Shawarwari ga mai son zaga tsohon birnin Kano

Da aka tattauna batun zaga cikin birnin Kano, baki ya zo ɗaya a kan sammako: a hau Dutsen Dala tun rana ba ta take ba. Wasu sun ce a fara da Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano, ni ma nan na fi karkata, don wanda ya san tarihin Sarki Muhammadu Rumfa ya fi gane abin da yake kallo. A marinar Ƙofar Mata, a gaida masu rini, waɗanda baba ya rine wa hannuwa, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Lungunan Kasuwar Kurmi na ɓatar da baƙo, sai da ɗan gari. An kuma ja kunne kada a taka badala, wato ganuwar birnin, ginin ƙasa ce, abin da ya rage ma yana zaizayewa.