Neman shawara: zuwa dutsen ƙanƙara a Turkiyya bayan Sallah, ko lokaci ya ƙure?

Bakabe na Birni:
Assalamu alaikum jama'ar wanga gida, Allah shi sa kuna lahiya. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san ƙasashen sanyi. Ƙanena na karatu a Kayseri can Turkiyya kuma bana zai ƙare, shi ne na yi niyyar in kai mashi ziyara ni da mai ɗakina da ɗiyata mai shekara 9, farkon watan Afrilu in an gama hidimar Sallah yara sun samu hutu. Yarinyar nan tunda baffan nata ya turo mata bidiyon dutsen Erciyes ana wasan zamiya bisa dusar ƙanƙara ba ta da wata magana sai wannan, kuma gaskiya ni ma raina na so. To shi yana ce min akwai sauran ƙanƙara har lokacin, wani abokin aikina kuma yac ce asarar kuɗi za ni yi don daga Maris ta narke. Wa ke da gaskiya cikinsu? Kuma mutum irina da bai taɓa taka ƙanƙara ba, shekara ta wuce 40, zai iya koyo? Sai batun kaya, mi za mu saye nan gida mi za mu bari sai can? Ba ni son in ɗauki iyali tun daga Birnin Kebbi mu sha wahalar Abuja da biza mu tarar da taɓo.

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah shi kai ku lahiya. Ni dai ban taɓa hita ba amma ina nan ina biye, don wanga zahi da muka ciki ko labarin ƙanƙara daɗi shi kai.

Ɗalibi a Turkiyya:
Yaya barka da war haka. Dukansu biyu kowa na da gaskiyarsa, abin ya danganta da tsawon dutse ne. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6, shi ya sa za ka ga cikin gari itatuwa sun fara fure amma saman dutse fari fat. Garin Kayseri yana wajen mita 1,050 ne sama da teku, shi kuwa Erciyes ƙololuwarsa mita 3,917, filin wasan kuma yana farawa daga wajen mita 2,200 a ƙofar da ake ce wa Tekir ya hau har sama da 3,000. Daga gari zuwa can kilomita 25 ne ko kusa da haka, ba nisa. Don haka yawancin shekaru farkon Afrilu ana samun ƙanƙara a hanyoyin sama, na ƙasa ne ke fara lalacewa. To matsalar ita ce ku masu koyo a ƙasan ake ajiye ku, nan ne filin ’yan koyo yake. In da hali ku matso da tafiyar ƙarshen Maris, mako ɗaya ma yana da tasiri sosai a irin wannan lokacin. Abokin aikinka mai yiwuwa Uludag yake nufi, na kusa da Bursa, shi tsawonsa gaba ɗaya mita 2,543 ne kuma ya fi saurin narkewa. Wanda ke daɗewa kuma shi ne Palandoken na Erzurum can gabas inda aka yi gasar jami'o'in duniya ta lokacin sanyi a 2011, amma tunda ɗan'uwanka na Kayseri ba sai kun ƙara wani jirgi ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka biya otal na saman dutse tun yanzu. Ranar rufe wurin ba a kafe take ba, yanayin shekarar ke yanke ta, kuma injinan da suke fesa ƙanƙara ba sa aiki sai da sanyi mai ƙarfi. Ku sauka cikin gari, ƙanen naka ya riƙa duba shafinsu akwai kyamara da ke nuna filin kai tsaye.

Malamin Jega:
Alhaji kada ka ji haushina, amma da halin da anka shiga na tsadar rayuwa, kuɗin tikitin mutum uku ai Umara ce. In sanyi ɗiyar taka ka so ku tai Mambila ko Jos, ƙasarmu ce ba biza.

Bakabe na Birni:
Malam ban ji haushi ba wallahi, maganarka na bisa hanya. Asalin tahiyar zumunci ce, yaron nan ni ar riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu kuma ban taɓa zuwa na ga inda yake zaune ba. Dutsen ƙari ne kawai tunda ga shi bakin gari. Umara kuma Allah shi nuna muna.

Malamin Jega:
To madalla, Allah shi ba da ladan zumunci.

Hajiya ’yar Yauri:
Ni Maroko zan ce ku duba, akwai wani dutse kusa da Marrakesh, Oukaimeden, mun je sarin kaya anka kai mu. Ga kusa ga abinci irin namu.

Ɗalibi a Turkiyya:
Hajiya wurin na da kyau kam kuma yana da tsawo, wajen mita 2,600, amma lokacinsa Janairu da Fabrairu ne zuwa farkon Maris, wata shekarar ma ƙanƙarar ba ta sauka sosai. Afrilu ba a dogara da shi. A Afirka akwai kuma Afriski na Lesotho, shi kuma sanyinsu Yuni zuwa Agusta ne. In da Turai ne akwai irin su Val Thorens a Faransa da ke kaiwa farkon Mayu, da Hintertux a Ostiriya da ake wasa kusan duk shekara saboda daskararriyar ƙanƙarar da ba ta narkewa, amma wannan bizar Shengen ce da kuɗi na daban.

Injiniya Gusau:
Alhaji na yi shekaru a ƙasar sanyi lokacin karatu, bari in gaya maka yadda ƙanƙarar ƙarshen lokaci take don ita ce ba a faɗa wa baƙi. Da dare tana daskarewa, da sassafe ka same ta da tauri da santsi, in ka faɗi za ka ji a ƙashinka. Daga wajen ƙarfe 10 rana ta fara taɓa ta sai samanta ya yi laushi, to wannan lokacin har zuwa azahar shi ne zinariyar ranar, ga taushi ga sauƙin juyawa, mai koyo bai da lokacin da ya fi wannan. Bayan azahar kuma ta jiƙe ta yi nauyi kamar ƙanƙarar da ta kwana a kular mai zoɓo, tana riƙe ƙafa, mutum ya gaji, kuma a irin wannan gajiyar ake murɗe gwiwa. Saboda haka ku fita da wuri, ku yi alwala tun daga masauki, ku yi awa biyu ko uku ku tsaya. Kar ka ce ai na biya kuɗin yini sai na cinye abina.

Batun shekaru ba matsala ba ne in gwiwa da baya lafiya lau. Amma ka ɗauki mai koyarwa na wurin, kar ka yarda ƙanenka ko abokansa su ce za su nuna maka, su sun riga sun manta yadda tsoron farko yake sai su ja ka sama. Darasin farko duk a kan tsayawa ne, yadda za ka haɗa kan allunan zamiya biyu da ake ɗaura maka a ƙafa ka buɗe bayansu ka rage gudu, da yadda ake faɗuwa a gefe a tashi. Yarinyar za ta riga ka iyawa, haka yara suke. Hanyoyin suna da launi, kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka ɗan ƙware, baƙi kuwa ko kallonsa kar ka yi. Kuma duk inda aka ja igiya ko raga kar a tsallaka don ɗaukar hoto, a ƙarshen lokaci in rana ta yi zafi jiƙaƙƙiyar ƙanƙara kan zabto daga gangare, mutane na mutuwa a haka.

In uwargida ba ta son hawa alluna akwai abin zamiya da ake zama a kai, da motar kan igiya da ke kai mutum sama ya kalli gari ya dawo. Ba dole kowa ya yi wasan ba.

Maman Biyu (ma'aikaciyar jinya, Zuru):
Ranka ya daɗe kafin a je maganar kaya ina da tambaya kuma don Allah ka ɗauke ta da muhimmanci. Kun san jinin ku, kai da madam da yarinyar? Ina nufin AA ko AS ko SS. Duk waɗanda suka ba da shawara ba wanda ya taɓo wannan, kuma mu nan sikila ta yi mana yawa. Saman dutse iskar shaƙa tana raguwa, ga sanyi ga bushewar jiki, ukun nan kuwa su ne ke tayar da ciwon mai sikila. Mai SS ko SC bai kamata ya hau mita 2,000 da wani abu ba sai likitansa ya amince.

Bakabe na Birni:
Subhanallahi, wallahi ban kawo wanga ba ko kaɗan. Ni AA ne, mai ɗakina AS, ɗiyar ma da anka gwada AS ta. Kenan mu hwasa?

Maman Biyu (ma'aikaciyar jinya, Zuru):
A'a ba sai kun fasa ba, alhamdulillahi da ba SS. Yawancin masu AS suna hawa su sauko lafiya. Amma ba a ce babu haɗari kwata-kwata ba, an sha samun masu AS da jini ya toshe musu a saifa saboda hawa wuri mai tsawo, musamman in an hau da sauri an kuma wahalar da jiki. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, da amai. In ɗayansu ta ce haka kar a ce kwanciyar iska ce a ba ta maganin ciwo, a sauko nan take a tafi asibiti a gaya wa likita AS ce, don can ba su saba ganin irin wannan ba kamar mu. Shawarata ku kwana biyu cikin gari tukuna jiki ya saba, ku riƙa kwana a gari kuna hawa da safe, su biyun su tsaya filin ƙasa kar su bi motar igiya har 3,000. Ruwa kuma a sha da yawa ko ba a jin ƙishi, sanyi na ɓoye ƙishirwa. Ku ga likita kafin tafiya. Kai ma mai AA ciwon kai da jiri da kasala na iya kama ka daga mita 2,500, in ka ji haka sauko.

Injiniya Gusau:
Allah ya saka Maman Biyu, wannan ya fi duk abin da na faɗa. Ƙari a kai, inshorar tafiya da za ku yi don biza ka tambaya ko ta haɗa da wasan ƙanƙara, da yawa ba sa biya in rauni daga nan ya fito sai an ƙara shi daban.

Hajiya ’yar Yauri:
Kaya kuwa Alhaji kar ka ɓata kuɗi. Alluna da takalmi da sanduna da hular kwano duk haya ake ba da su can. Nan gida ka shiga wajen ’yan gwanjo yanzu da sanyi ya wuce jaket sun yi araha, ka nemi wadda ruwa ba ya ratsa ta. Ku sa kaya hawa-hawa, shimi mai dogon hannu, suwaita, sannan jaket, don da hantsi zafi za ku ji ku cire ɗaya. Banda wandon jins da atamfa, in sun jiƙe ba sa bushewa. Uwargida ta sa ƙaramin hijabi da zai shiga cikin jaket, dogon nan na iya maƙalewa jikin kujerar igiya da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse.

Ɗalibi a Turkiyya:
Hajiya ta gama magana. Wando da safar hannu marasa shan ruwa su ne dole, don ƙanƙarar Afrilu jiƙaƙƙiya ce kuma mai koyo rabin lokacinsa a zaune yake. Sai tabarau mai kare ido da man kariya daga rana, kar ku ce mu baƙaƙe ne rana ba ta mana komai. Sabuwar ƙanƙara na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, ta sama ta ƙasa yake dukanka, ido kan ƙone ya yi ja yana hawaye kamar an watsa yashi, sai dare mutum zai gane. Yarinyar musamman kar ta cire tabarau.

Kuma ko an yi rashin sa'a an rufe filin tafiyarku ba ta lalace ba, ƙanƙarar da za ta taɓa da hannu tana nan a saman, ga Kapadokiya wajen awa ɗaya a mota inda ake tashin balan-balan da asuba da garuruwan ƙarƙashin ƙasa, Afrilu lokacinsa ne mai kyau.

Bakabe na Birni:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah shi bar zumunci. Na yi magana da ƙanena za mu gwada matsowa makon ƙarshe na Maris in biza ta hito da wuri, kuma gobe in sha Allahu za mu ga likita da su biyun. Saura guda, daga Abuja kai tsaye aka zuwa Kayseri ko sai an canza?

Ɗalibi a Turkiyya:
Sai an canza yaya. Abuja zuwa Istanbul wajen awa 6 zuwa 7, daga nan ku hau na cikin gida zuwa Kayseri kamar awa ɗaya da rabi. Ka lura Istanbul filin jirgi biyu gare ta, babban na ɓangaren Turai da Sabiha Gokcen na ɓangaren Asiya kuma suna da nisa da juna sosai, ka tabbata jirgi na biyu daga inda kuka sauka zai tashi. Jaket ɗin kuma ku riƙe a hannu kar ku sa a babbar jaka.