Ƙofofin katako sun lanƙwashe bayan wata huɗu, gyara ko sakewa?

Assalamu alaikum. A watan Agusta, ana tsakiyar damina, na ba wani kafinta a nan Kano aikin ƙofofin ɗaki uku na katakon afara, ƙafa uku faɗi, ƙafa bakwai tsawo, kaurin inci ɗaya da rabi. Na biya kashi 70 cikin ɗari, sauran kuɗin yana hannuna.

Da hunturu ya shigo, biyu suka lanƙwashe. Idan an rufe, ƙasa na taɓa firam, sama kuwa ta buɗe kusan rabin inci, harshen makulli ba ya shiga raminsa. Ga tsaga a mahaɗar allunan tsakiya, har haske ake gani ta ciki.

Ya dawo sau biyu. Da farko ya kankare gefe ya ƙara hinji na uku, daga baya ya cike tsagar da gam da garin katako. Cikin sati biyu ta sake buɗewa. Zargina ɗanyen katako ya yi aiki da shi, kuma saman ƙofofin da ƙasansu bai shafa musu fenti ba.

Masana aikin katako, ƙofar da ta murɗe haka tana miƙewa idan an matse ta, ko in riƙe sauran kuɗin sai ya sake su da busasshen katako?