Na ƙi yi wa wata mata tausa saboda kumburin ƙafa, ta tafi da fushi. Na yi kuskure?

Sabuwar Hannu:

Assalamu alaikum. Wata 6 ke nan da na fara aikin tausa, kuma abin da ya faru jiya ya hana ni barci. Wata mata ta zo ta ce sharaɓarta ta hagu ta ɗaure mata tun da ta dawo daga tafiya, awa 11 tana zaune a jirgi. Ta ce tsoka ce kawai, in murza mata da ƙarfi. Da na duba sai na ga ta hagun ta fi ta daman kumbura, na ɗora bayan hannuna na ji ta fi ɗumi. Na tambayi magungunan da take sha, ta ce ƙwayar tazarar haihuwa kaɗai. Sai na ce gaskiya ba zan taɓa ƙafar nan ba, ta je asibiti yau. Ranta ya ɓaci, ta ce ita tausa ta zo yi, ba ganin likita ba, ta ɗauki jakarta ta fice. Na yi azarɓaɓi ne? Kuma ku da kuka daɗe, yaya kuke tambayoyin farko ba tare da mutum ya ji kamar ana tuhumarsa ba?

Anti Mai Tausa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki yi barcinki, ba ki yi laifin komai ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, ga dogon zama a jirgi, ga ƙwayar da wasu nau'o'inta ke ƙara haɗarin daskarewar jini. Abin da ake tsoro shi ne gudan jini a jijiyar da ke can cikin ƙafa. In kika murza ya ɓalle, huhu zai nufa, mutum yana iya mutuwa kafin a kai shi asibiti. Mai yiwuwa tsokar ce kamar yadda ta faɗa, amma hannunki ba zai bambance ba, sai an yi sikanin.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai: kada ki taɓa ce wa mutum "kina da kaza". Sanya wa cuta suna aikin likita ne. Ni cewa nake, "Na ga abin da ya fi ƙarfin tausa, likita ya fara gani, in ya ce babu komai ki dawo." Shekara 15 ina wannan aiki, waɗanda suka tafi da fushi ba su ƙirguwa, kuma da yawansu sun dawo.

Malam Fisiyo:

Anti ta gama magana a kan ƙafar. Ƙari ɗaya: kada ki gwada lanƙwasa tafin ƙafa sama don ki ga ko sharaɓar za ta yi zafi. Tsohon gwaji ne, ba abin dogaro ba ne.

A kan tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, ni kunne nake fara sawa kafin hannu. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, me ya tayar da shi, me ke sa ya lafa, daga 0 zuwa 10 ya kai nawa. Sai magunguna: mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, matsa kaɗan sai jini ya kwanta masa a ƙarƙashin fata. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai ba zai iya gaya miki kin matsa da yawa ba. Mai zazzaɓi kuwa ya koma gida.

Daga nan sai motsi, bisa tsarin da likitan ƙashin nan na Ingila, James Cyriax, ya shahara da shi. A ce kafaɗa ce. Ya ɗaga hannun da kansa. Sannan ya saki jiki ke ki ɗaga masa. Sannan ki tare hannun, ya tura ba tare da gaɓar ta motsa ba. In ciwon ya taso lokacin da yake turawa amma ya yi shiru lokacin da ke kika ɗaga, hankalinki ya koma kan tsoka ko jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi. In ko da ya saki jiki yana jin zafi, a zargi gaɓar kanta. Ki riƙa kwatanta ɓangaren da ke ciwo da mai lafiya, ki fara da mai lafiyar.

Mai ciwon baya da ya ce tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ya fara kufce masa ko ya ƙi fita, wannan asibiti ne a take. Kuma ki rubuta komai: abin da ya faɗa, abin da kika gani, abin da kika fahimta, abin da za ki yi.

Dogo:

Malam, duk na yarda, amma wanda ya zo don ya huce gajiya in ka tsare shi rabin awa da tambayoyi ba zai sake dawowa ba. Ni minti 5 ya ishe ni. Tun daga bakin ƙofa nake kallon yadda yake takawa da yadda yake zama a kujera. Kuma ina faɗin dalilin kowace tambaya: "Ina tambayar magani ne don in san ƙarfin da zan sa." Da sun ji dalili sai su saki baki, har abin da ba ka tambaya ba.

Sabuwar Hannu:

Na gode ƙwarai. Malam Dogo, ina jin nan na gaza, ban gaya mata dalili ba, na dai ce ba zan taɓa ba. Na kira ta sau 2 da safen nan ba ta ɗauka ba, sai na tura mata saƙo da kalaman Anti, na ƙara da cewa in ta ji numfashinta na sarƙewa ko ƙirjinta na ciwo ta wuce sashen gaggawa kai tsaye. Ta karanta, ba ta ba da amsa ba tukuna.