Wace matatar siginal ce ta dace da na'urar auna girgiza?

Ɗalibin lantarki:
Assalamu alaikum. Na ɗaura na'urar ADXL335, mai auna girgiza, a jikin wani injin lantarki mai juyawa sau 1500 a minti ɗaya, domin in gano lalacewar boris tun da wuri. Ina ɗaukar awo sau 2000 a daƙiƙa, amma hayaniya tana rufe abin da nake nema. Na san ina buƙatar matata mai barin ƙananan mitoci su wuce, sai dai na kasa zaɓa tsakanin Butterworth da Bessel da Chebyshev.

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin batun zaɓi, ka tabbata matatar tana zaune kafin siginal ya shiga ADC, wato da'irar da ke mayar da shi lambobi don kwamfuta. Da awo 2000 a daƙiƙa, iyakarka ita ce rabin haka, wato mitar Hz 1000 (kaɗawa 1000 a daƙiƙa), kuma duk abin da ya haura haka zai dawo ƙasa da kamannin wata mitar dabam. Na'urar da ke hannunka tana da mitar da take amsa kuwwa a kusan Hz 5500, kuma idan injin ya taɓo ta, za ka gan ta a Hz 500, ka ɗauka boris ne ya ci. Idan wannan ya riga ya shige kwamfuta, babu manhajar da za ta iya raba gaskiya da ƙarya.

Akwai resisto na kilo-ohm 32 a cikin ADXL335 ɗin, saboda haka kafasito na 0.01 µF zai yanke maka a Hz 500. Amma mataki ɗaya ne kawai, ragewarsa ba ta wuce dB 7 (dB ma'aunin ragin ƙarfin siginal ne) a Hz 1000. Butterworth mai mataki huɗu zai ba ka dB 24 a wannan wurin, kuma kusan ba ya taɓa ƙarfin mitocin da ke ƙasa. Shi nake ba ka shawara.

Mai gyaran na'urori:
Ranka ya daɗe, ina da ɗan ƙari. Idan siffar kowane bugu yake son gani, Bessel ya fi, domin yana jinkirta mitoci kusan daidai da juna, alhali Butterworth mai mataki huɗu yana zarce tsayin bugu da kusan kashi 11 cikin 100, sannan ya bar kaɗawa a bayansa. Chebyshev kuwa ban ga dalilinsa a nan ba.

Ɗalibin lantarki:
Na gode ƙwarai. Ƙarfin kowace mita nake bibiya, don haka zan haɗa Butterworth da da'irar Sallen-Key guda biyu, kowace tana ba da mataki biyu na tacewa, in kuma gwada ɗaga awon zuwa 4000.