Hancin gilashin Heinkel He 111: ta ina ake fara shi?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan harka ta haɗa ƙananan jirage. Na ɗauko aikin da nake jin ya ɗan fi ƙarfina, wato samfurin jirgin Jamus mai jefa bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, Heinkel He 111 H-6, a ma'aunin 1:48. Jiragen da na haɗa a baya duk masu inji ɗaya ne a ma'aunin 1:72, waɗanda murfin gilashinsu bai wuce kan ɗan yatsa ba. Wannan kuwa faɗin fuka-fukansa na asali mita 22.6 ne, ke nan a kan tebur zai kai kusan santimita 47, kuma hancinsa gaba ɗaya gilashi ne da aka rarraba da siraran ƙarafa, ta yadda duk kuskuren da aka yi a ciki zai zauna a fili har abada.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gam. A jirgina na ƙarshe na manna gilashin da sufagulu, gari na wayewa na tarar ya yi fari fat ta ciki kamar hazo ya sauka a kansa, kuma babu yadda na iya da shi. Ina kuma neman shawara kan iyakar da ya kamata in tsaya wajen ƙawata cikin jirgin, domin na ga wasu suna saka har wayoyin lantarki. Sannan burina shi ne in yi masa fenti irin na jiragen da suka kai hari Landan a watan Satumba na 1940, masu fararen zane a wutsiya da saman fiffike. Duk wanda ya taɓa haɗa shi, don Allah ya sa ni a hanya.

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hazon da ka gani tururin sufagulu ne: yayin da yake bushewa yana fitar da tururi, tururin ya sauka a kan robar, musamman inda akwai maiƙon yatsa, ya daskare ya zama farin gari. Gam ɗin roba na yau da kullum ma ba shi da aminci a nan, domin aikinsa narka robar ne, kuma idan ɗigo ɗaya ya gudu zuwa tsakiyar taga, tabon ya zauna ke nan. Farin gam irin na katako shi ne na gilashi. A ɗiga shi da tsinken sakace, a share rarar da audugar da aka ɗan jiƙa, idan ya bushe sai ya koma garai-garai. Ƙarfinsa kaɗan ne, amma wannan ma alheri ne, saboda idan zaman bai yi daidai ba za ka iya ɓamɓarewa ka sake.

Sai dai abin da nake so ka riƙe shi ne, a wannan jirgin hancin ne yake tsara jerin aikin, ba takardar umarni ba. Kafin ka sa gam a ko'ina, ka haɗa ɓangarori biyu na gangar jikin da salatif, ka ɗora sassan gilashin a bushe, ka duba ko faɗinsu ya zo ɗaya. Idan gangar ta fi gilashin faɗi, a goge bakin haɗin da samfefa kaɗan-kaɗan. Idan ta fi shi ƙunci, a sa siririn yankin roba a tsakani. Gyaran da za ka yi cikin minti goma a wannan mataki, idan ka bari sai bayan mannawa, zai zama aikin cike giɓi da fila da guga a dab da gilashi, kuma daga nan ne ƙura take kutsawa ciki ta manne a inda hannu ba ya kaiwa. Kada kuma ka yi mamakin ganin hancin a karkace. Haka yake a asali: an jawo mazaunin bindigar gaba zuwa dama domin matuƙin, wanda ke zaune a hagu, ya riƙa ganin gabansa. Na taɓa ganin wanda ya ɓata yini yana ƙoƙarin miƙe shi.

Wajen fenti, bayan ka rufe kowace taga da salatif mai laushi, ka danne gefuna da tsinke, sai ka fara fesa launin cikin jirgi a kan ƙarafan ta waje, sannan launin waje ya hau kansa. Mai leƙawa ta gilashi zai ga ƙarafan da launin ciki, alhali ba ka taɓa cikin da buroshi ba. Akwai kamfanonin da ke sayar da salatif yankakke daidai da kowace taga, irin su Eduard, kuma a jirgi mai tagogi da yawa haka ban ga abin kunya a amfani da shi ba.

Batun ƙawata ciki kuwa, ka zuba ƙoƙarinka daga kujerar matuƙi zuwa gaba. Babban allon agoguna yana sama ne kusa da rufi, bayansa a buɗe yake, don haka wayoyin da ke fitowa daga bayan kowane agogo ana ganinsu ta waje. Siririyar wayar dalma ko ta tagulla ta isa. Ka ƙara bel ɗin kujera, da shimfiɗar da mai saita bam yake kwanciya a kai a cikin hancin, da gangunan harsashin bindigar MG 15, waɗanda kowanne ke ɗaukar harsashi 75 kuma ake rataye su a bango. Daga ɗakin bama-bamai zuwa baya, da zarar an rufe gangar, duhu ne kawai ake gani ta ƙananan tagogin gefe. Na yi mako biyu a kan ɗakin mai rediyo na wani jirgi, yau ko da tocila da ƙyar nake hango kujerarsa.

Mai Bin Diddigi:

Malam Tsohon Magini ya gama magana kan gilashi. Ni a kan buri na uku zan tsaya, domin akwai karo tsakanin jirgin da ke hannunka da lokacin da ka zaɓa. Nau'in H-6 bai yawaita a rundunoni ba sai a 1941. Waɗanda suka yi shawagi a kan Ingila a bazarar 1940 su ne na farko-farkon jerin H, kamar H-2 da H-3, da kuma jerin P mai injin Daimler-Benz DB 601. Bambancin ba na suna kaɗai ba ne: H-6 yana da injin Jumo 211F da farfela mai faffaɗan kunnuwa na katako, wadda ido ke ganewa tun daga nesa. Wannan ma yana nufin kada ka yi wa kunnuwan farfelar ɗigon azurfa don nuna goguwar ƙarfe, kuskuren da ake yawan yi.

Idan ka bar shi a H-6, zaɓi biyu masu kyau suna gabanka. Akwai na fagen Tarayyar Sobiyet daga watan Yuni na 1941, mai rawayen zobe a gangar jiki da rawaya a ƙarƙashin bakin fuka-fukai, kamar na rundunar KG 53 mai alamar A1. Akwai kuma na KG 26 mai alamar 1H, wanda ya riƙa ɗaukar makaman tofido biyu, wato bama-baman da ke tafiya a cikin ruwa su daki jirgin ruwa, a ƙarƙashin ciki daga arewacin Norwe a 1942, yana farautar ayarin jiragen ruwan da ke kai kaya Rasha. Alamar rundunar, irin A1 ko 1H, tana gefe ɗaya na baƙin gicciyen da ke jikin gangar, haruffa biyun da ke biyo bayan gicciyen ma ba a zuba su haka kawai: na ƙarshe yana nuna rukunin da jirgin yake, na farkonsu kuwa na jirgin ne na kansa, kuma launinsa yana bin rukunin, fari ga na 1 da 4 da 7, ja ga na 2 da 5 da 8, rawaya ga na 3 da 6 da 9. Idan harafin ƙarshe K ne, rukuni na 2 ke nan, harafin jirgin ya zama ja. Tambarin suwastika na 'yan Nazi da ke wutsiya ba lallai ka same shi a kwalin ba, saboda dokar Jamus ta hana baje shi, kamfanoni da yawa sukan cire shi ko su raba shi gida biyu.

Launukan, bisa lambobin RLM na ma'aikatar jiragen saman Jamus ta wancan lokaci, su ne RLM 70 da RLM 71 a sama, koraye biyu masu duhu da aka yanka da miƙaƙƙun layuka masu kusurwa, da RLM 65 shuɗi mai haske a ƙasa. Ɗakin matuƙi na wannan lokaci RLM 66 ne, toka-toka mai duhu, ramukan tayoyi da ƙafafunsu kuma RLM 02. Wajen neman hotuna a yi hattara da jiragen CASA 2.111, wato kwafin He 111 da aka ƙera a Sifaniya, waɗanda yawancin da suka rage injin Rolls-Royce Merlin gare su, don haka siffar murfin injinsu dabam ce. Na Jamus na ainihi da za a dogara da su akwai P-2 a Gardermoen ta Norwe, da H-20 a gidan tarihin sojojin saman Birtaniya da ke Hendon.

Baban Fenti:

Ina da ɗan ja game da launuka, tare da girmamawa. Idan aka fesa RLM 70 da 71 yadda suka fito daga kwalba, a kan ƙaramin samfuri sai su haɗe su zama baƙin dunƙule ɗaya, wahalar yanka salatif ta tafi a banza. Ni nakan ɗan ƙara wa 71 haske kafin in fesa, ba har ya koma wani launi ba, sai dai yadda iyakar za ta fito a hasken ɗaki. Haka RLM 66 na ciki: a sassauta duhunsa, in ba haka ba wayoyin da aka sha wahalar sakawa za su nutse a bayan gilashi. Kafin a ɗora tambura a fesa fenti marar launi mai sheƙi, domin a kan fenti mai kaushi iska takan maƙale a ƙarƙashin tambarin ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Kunkunniyar bututun hayaki kuma a bi ta da hannu mai sauƙi, a ja ta baya yadda iska ke bi ta gefen injin zuwa fiffike.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gwada gilashin a bushe kamar yadda aka ce, na tarar gangar ta fi shi faɗi da kusan rabin milimita ta gefen hagu, kuma na riga na goge. Na haƙura da Satumban 1940, zan yi na KG 26 mai tofido, tunda makaman da marataya suna cikin kwalin. Saura abu guda: bindigar hanci, a sa ta kafin a rufe gilashin ko bayan fenti?

Tsohon Magini:

Ka yanke ta gida biyu da reza. Gindin da gangar harsashin ka manna su ta ciki kafin ka rufe, bututun kuma ka ajiye shi a ƙaramin kwali tare da sandar eriya, sai ranar da ka cire salatif daga tagogin sannan ka soka shi ta waje da ɗigon farin gam. Ramin da zai shiga ka toshe shi da guntun soso kafin feshi, don kada ƙurar fenti ta bi ta nan ta shiga hancin.