Neman shawara kan darasin mutanen Neandatal

Malamar Bayoloji: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Mako mai zuwa zan shiga darasin tarihin halittar ɗan'adam da 'yan aji uku na babbar sakandare, amma littafin da ke hannuna bai ba mutanen Neandatal, wato wani jinsin mutanen dā da ya ɓace, fiye da layi huɗu ba, sai zanen wani ƙato mai ranƙwafaffen baya riƙe da kulki. Ina roƙon a ba ni shawara kan hujjojin da ya kamata in fara da su, domin minti arba'in kawai nake da shi.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Shawarata ita ce ki fara da wannan zanen da kansa, domin labarinsa darasi ne. A 1908 aka tono ƙwarangwal ɗin wani tsoho ɗan Neandatal a La Shafel-o-San da ke Faransa, sai masanin ƙasusuwa Marcellin Boule ya siffanta shi da ranƙwafaffen baya da gwiwoyi a lanƙwashe, kuma duniya ta ɗauka haka jinsin yake gaba ɗaya. Sai a 1957 wasu masana biyu suka sake duba ƙasusuwan, suka nuna cewa amosanin gaɓoɓi ya ci ƙashin bayan tsohon, kuma mai lafiya daga cikinsu a miƙe yake tafiya kamar ni da ke. Daga nan ki koma 1856, lokacin da masu fasa dutse suka ci karo da ƙasusuwa a wani kogo cikin kwarin Neanda kusa da Dusseldof a Jamus, wanda daga nan sunan ya fito.

Likita: Baba ya yi gaskiya, sai dai ni da kogon Shanidar na arewacin Iraƙi zan cika rabin lokacin, inda Ralph Solecki ya yi tono a shekarun 1950. Mutumin da ake kira Shanidar na ɗaya ya sha mummunan bugu a gefen hagu na fuskarsa, wanda mai yiwuwa ya kashe masa idon, hannunsa na dama ya shanye kuma ya guntule daga wajen gwiwar hannu, ga raunuka a ƙafa, ga ƙashi da ya tsiro cikin kunnuwansa ya rage masa ji. Abin da ya kamata yara su lura da shi, Malama, shi ne duk raunukan sun warke tun yana raye, kuma ya kai wajen shekara arba'in. Duk wanda ya taɓa jinyar mai karaya ya san cewa mai irin wannan lalura ba ya farauta, don haka akwai waɗanda suka ci gaba da ciyar da shi shekara da shekaru.

Malamar Bayoloji: Likita, ba a wannan kogon ne aka ce sun binne mamaci da furanni ba? Na so in kawo shi.

Likita: A nan ne, amma ki kawo shi da taka-tsantsan. Ƙurar furanni aka samu a ƙasar da ke kewaye da ƙwarangwal na huɗu, kuma daga baya wasu masana suka ce wani ɗan ɓera mai haƙa rami yana tara furanni ne ya kawo ta, wasu kuma suka ce ƙudan zuma masu gida cikin ƙasa ne. Binne mamaci yana da hujja mai ƙarfi a wurare da dama, amma batun furannin har yanzu ana jayayya a kansa.

Ɗalibi daga Jamus: Malama, ni abin gani zan ba da shawara a kansa. Na ziyarci gidan tarihin Neandatal da ke Metman, dab da inda aka yi tonon farko, kuma abin da ya tsaya mini shi ne ƙoƙon kai: dogo ne ta baya, goshi a kwance, ƙashin gira ya turo gaba, ramin hanci mai faɗi, ga shi babu haɓa irin tamu, alhali ƙwaƙwalwar ta kai tamu girma ko ma ta ɗan fi. Gidan tarihin Smithsonian na Amurka ya sa hotunan irin waɗannan ƙoƙuna a shafinsa na intanet, waɗanda ake juyawa ta kowane gefe, kuma ko da waya ɗaya ce za ta zagaya aji. Ki ƙara musu da guntun igiya mai tufka uku da aka samu a wani mazaunin Neandatal da ake kira Abri du Maras a Faransa, mai shekara fiye da 40,000, domin yaron da ya taɓa tufka igiya ya san aikin na buƙatar lissafi.

Ɗalibar Kimiyyar Gado: Yayata, kada ki rufe darasin ba ki taɓo DNA ba, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, domin nan tambayoyi za su fito. A 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa a cibiyar Max Planck ta Laifzig suka fitar da jerin ƙwayoyin gadon Neandatal daga ƙasusuwan kogon Vindija na Kuroshiya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2022. An gano cewa mutanen Turai da Asiya na ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 na wannan gado. Tsofaffin bayanai za su ce miki 'yan Afirka ba su da ko kaɗan, amma binciken jami'ar Princeton na 2020 ya sami kusan kashi 0.3 cikin 100 a jikinsu, har da al'ummomin Yammacin Afirka, galibi ta hanyar waɗanda suka dawo nahiyar daga waje.

Tsohon Malami: Ki kuma guje wa zanen nan na jerin gwano daga biri zuwa mutum, domin Neandatal dangi ne da suka yi zamani ɗaya da magabatanmu har suka haihu tare, kafin su ɓace wajen shekara 40,000 da suka wuce.

Malamar Bayoloji: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe da tsohon Faransa, in tsaya a Shanidar, in rufe da DNA, igiyar kuma ta zama aikin gida. Ƙanena na Jamus, idan kana da hoton ƙoƙon da ka ɗauka ta gefe, ka turo mini kafin ranar Litinin.